Abin da Na Gani a Jikin Radiyya

Tun yanzu ina roƙonku, kada wadda ta biyo ni ta akwatin saƙo tana cewa, "Mas'uda, don Allah ni kaɗai ki faɗa wa." Ba za ni faɗa ba. Mutumin da na fi so duk duniya ya tambaye ni ban faɗa masa ba, balle ku da ban san ko kalar fuskarku ba. Ko wannan ɗin da nake rubutawa, da Innata na raye da na sha mari, shi ya sa na sauya sunayen kowa. Amma in ban amayar da wani abu ba, zuciyata za ta fashe.

Innata, Inna Hafiza, ta fi shekara talatin tana wankan gawar mata a Sabon Birni. Ba ta taɓa karɓar ko goro ba. In aka miƙo mata zanen mamaciya ko ragowar sabulu, sai ta ce a kai wa marayu. Kayan aikinta kwando ɗaya ne da ke rataye a bayan ƙofa: buta, ƙwarya, sabulu, kafur, busasshen ganyen magarya da tsumman da take naɗe hannu. In ta dawo daga gidan mutuwa takan yi wanka, ta ci tuwonta, ta tambaye mu ko an ba awaki dusa. Ko sau ɗaya ban taɓa jin ta ce wance ta rame ba, ko wance na da tabo. In maƙwabta suka matsa mata, abin da take cewa ke nan, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Wata takwas ke nan da rasuwarta. Ba a yi sati biyu ba wasu mata 'yan gudun hijira, cikin waɗanda ɓarayin daji suka koro daga Tsamaye da Gangara suka cika makarantar firamaren unguwarmu, suka zo ƙofar gidanmu suna sallama da sunanta. Ba su ji ta mutu ba. Wata baiwar Allah ce ta cika tun safe, ga la'asar ta yi, babu wadda ta san yadda ake yi. Na tsaya ina kallonsu, suna kallona. Ban san lokacin da na sauko da kwandon ba.

Daga nan aka fara. Na tara mata shida, yawancinsu zawarawa, muka kafa Ƙungiyar Sutura ta Inna Hafiza, aka rubuta sunan da shuɗin fenti a bangon zaurenmu. Muna ajiye likkafani yankakke, muna zuwa duk inda aka kira mu, ba ma karɓar komai. Ranar da muka fara zama na sa kowace ta ɗaga hannu ta yi alkawari cewa abin da ido ya gani a ɗakin wanka, a ɗakin zai tsaya. Har Gwaggo Fatu, ƙanwar babana da ta dawo gidanmu da zama bayan rasuwar Inna, ita ma ta ɗaga nata hannun. Ba son aikin ya kawo ta ba, ta shigo ne don ta sa mini ido.

Kawu Lawwali, wan Innata, wanda shi ne madadin uba a gare ni tun mutuwar babanmu, bai ɓoye ƙinsa ba. Ya ce Hafiza sai da ta haifi biyar ta fara taɓa gawa, ni kuwa budurwa mai shekara ashirin da huɗu, wane namiji zai ci tuwon hannuna? Kuma ba ƙarya ya yi duka ba. A gidan suna na sha miƙa wa mace kofin ruwa ta ce ta ƙoshi.

Sai ga Nasiruddeen. Ɗan garin Isa ne, yana ɗauko yadi da atamfa daga Maraɗi yana bin kasuwanni. Sau uku ina zuwa rumfarsa sayen farin yadi. A na ukun ya ajiye almakashi ya dube ni da tausayi, ya ce, "Baiwar Allah, wai gidanku ƙarewa za a yi?" Na yi dariyar da rabona da ita tun Inna na asibiti. Da na yi masa bayani bai ja da baya ba, bai goge hannunsa a riga ba. Kasuwa ta gaba ya aiko da bandir guda, ya ce ladan na Inna. Shi ya yi ta jeka-ka-dawo da takardunmu a ofishin ƙaramar hukuma har aka buga mana hatimi. Mahaifiyarsa, Hajiya Maimunat, ta ɗan yi tsaki da ta ji sana'ata, amma ta haƙura, aka ce in an yanke gero za a zo sa rana.

Ƙanwarsa Radiyya kuwa tun ba a je ko'ina ba ta fara kirana matar Yaya. Ita kaɗai ce mace a ɗakinsu, shekararta goma sha tara. Garinmu layin waya sai an yi dabara, ni da layin Nijar nake amfani, sai na taka turmi na jingina da katangar bayan gida saƙonni ke shigowa. In suka shigo, rabi duk nata ne: hoton lalle, hoton ɗinki, muryarta tana cewa ita za ta zaɓi ankon biki ko in fasa shiga gidansu.

Farkon damina aka tare motar da Radiyya ke ciki a hanyar Isa, aka shiga daji da su. Wata uku da kwana tara. Ba za ni ba ku labarin abin da Nasiruddeen ya sayar don biyan kuɗin fansa da irin ramar da ya yi ba, duk wanda ke yankinmu ya san wannan karatun. Ranar Talata aka sako su, aka kawo ta asibiti nan Sabon Birni don ya fi kusa. Ba ta yi magana da kowa ba. Laraba da hantsi ta cika.

A ranar babu motar da ke bin hanyar Isa, an ce ɓarayin dajin na kan titi. Hajiya ba ta da halin zuwa, gawa ba ta da halin tafiya. Nasiruddeen ya zo zaurenmu da rigar da ya kwana biyu da ita, idanunsa sun yi ja, ya ce, "Ke nike so ki wanke ta. Ban yarda da hannun kowa ba."

A ɗakin Inna muka yi. Sauran matan ƙungiya sun tafi wata jana'iza a bayan kasuwa, saboda haka daga ni sai Gwaggo Fatu, ita ke riƙe zanen rufi tana zuba mini ruwa. Na naɗe hannuna, na yi bisimilla. Kitson da ke kanta shi ne wanda ta turo mini hotonsa kwana biyu kafin a ɗauke ta, shuku mai ƙananan layi, ya cukurkuɗe ya cika da ƙasa. Sai da na ɗauki lokaci ina warware shi da tsinke a hankali, kamar za ta ji zafi. Na yi mata alwala, na bi dama, na bi hagu. Abin da na gani, na gani. Gwaggo ma ta gani, don zanen ya zame daga hannunta, ta ce innalillahi da ƙarfi. Na ɗago na dube ta, ta kama bakinta. Muka gama da ruwan kafur, na raba gashin uku, muka naɗe ta da yadin da yayanta ya kawo da hannunsa. Ban yi kuka ba sai da maza suka ɗaga makara.

Alhamis da safe na taka turmi, saƙon murya ya shigo daga Hajiya. Muryar ta dishe, da ƙyar nake ji. Ta yi mini godiya, ta sa mini albarka, sannan ta ce ita ba ta ga ɗiyarta ba, ba ta taɓa ta ba, ni ce idonta. Ta ce in faɗa mata komai, kada in rage: yaya jikin yake, me suka yi mata, ta tafi ita kaɗai ko kuwa. A nan muryar ta karye, saƙon ya ƙare. Na saurare shi sau biyar. Na mayar mata da cewa Radiyya ta tafi da tsabta, an suturta ta yadda addini ya ce, fuskarta a sake. Ta saurara, ba ta amsa ba.

Kafin azahar magana ta kai kunnen Kawu. Ya zo ya zauna a kujerar tsakar gida, ya cire hula ya aza a gwiwa, alamar zaman zai yi tsawo. Ya ce uwa ce ta tambaya, ba 'yan gulma ba. Ya ce ita Hafiza ai ba surukarta aka kawo mata ba. Ya ce Allah ya kawo mini mutum har gida wanda bai ƙyamace ni ba, in na bari ya kuɓuce sai dai in auri kwandon. Gwaggo na gefe tana tsince shinkafa tana gyaɗa kai. Na ce masa hadisi ne, wanda ya wanke mamaci ya rufa masa asiri Allah zai rufa nasa. Ya ce kada in karanta masa hadisi, tun ban san alif ba yake jin wa'azi.

Ku fahimce ni, ba taurin kai ba ne kawai. Na san Hajiya, na san gidansu, gida ne mai ƙofa a buɗe, 'yan gaisuwa na shiga suna fita. Abin da uwa ta ji cikin kuka, da kuka za ta faɗe shi. Radiyya ba ta buɗe baki ta faɗa wa yayanta ba alhali yana zaune a gefen gadonta kwana guda cur. Ita da abin ya sama ta zaɓi shiru, ni wace ce da za ni buɗe mata zane bayan ta mutu?

Juma'a bayan an sauko masallaci Nasiruddeen ya zo. Na sa doguwar riga baƙa da hijabi ruwan toka, ko kwalli ban sa ba. Shi kuma farar shadda ce a jikinsa, ta yi masa yawa kamar ta aro. Na shimfiɗa masa darduma a zaure, na kawo ruwa, bai taɓa ba. Muka gaisa kamar baƙi.

"Mas'uda, mi kig gani?"

Na ce na wanke ta, na suturta ta.

"Ba shi nit tambaye ki ba. Ƙanwata ta. Ni nis sai da rumhwata don ta dawo. Ban da hakkin in sani?"

"Kana da hakki bisa kaina, Yaya Nasiru. Wanga dai ba nawa na ba, balle in ba ka. Nata na."

Sannan ya faɗa mini abin da ya kawo shi, a hankali, ba faɗa. Hajiya ta rantse ba za ta zauna gida ɗaya da yarinyar da ta san abin da ya sami ɗiyarta ta hana ta ba. Ta ce kullum ta dube ni za ta ga ƙofa a kulle. Shi kuma ya ce bai iya saɓa mata a wannan hali, ita kaɗai ta rage masa. Ya ce kalma ɗaya ta isa, ko da e ko a'a ce, shi zai san yadda zai gaya mata.

Wallahi na so in faɗa. Ina kallon hannunsa a kan gwiwa, ina tuna babu wani namiji a garin nan da ya taɓa karɓar kofi daga hannuna bai yi jim ba sai shi. Na ce, "Ka yi haƙuri." Ya tashi ya sa takalmi, ya ce Allah ya ba mu alheri. Na koma ɗaki na kwanta a kan tabarmar Inna, na yi kukan da har Gwaggo ta leƙo sau biyu.

Asabar da hantsi Gwaggo ta ci ado, ta sa atamfarta ta zuwa biki da mayafi mai duwatsu, ta ce za ta barka. Ban kawo komai a raina ba. Ashe rumfar mai cajin waya ta nufa, a bakin kasuwa, inda ake ba da aron layin Nijar. Ta sa aka nemo mata lambar Hajiya. Gwaggo kuwa tana cikin mutanen da suka ɗauka tunda Isa na da nisa, sai an ɗaga murya kafin a ji. Ga kunnenta ɗaya ba ya aiki, sai aka buɗe mata lasifika. A nan, tsakanin masu jiran caji da masu sayar da ƙosai da 'yan kabu-kabu, ta zayyana wa Hajiya komai, har da abin da ta ƙara na kanta. Ta rufe da cewa ni na aiko ta, kunya ce ta hana ni faɗa da bakina.

Ni duk ban sani ba. Na dai ga ta dawo tana fara'a, ta dafa mini taliya da manja, ta ce in ci in bar rama. Na ga Kawu ya shigo Lahadi yana tsokanata da amarya. Na ɗauka lallashi ne.

Yau Litinin, wajen ƙarfe goma, ɗaya daga cikin matan ƙungiyarmu ta shigo tana haki, ta ce an yi rasuwa a makaranta tun asuba, wata yarinya 'yar Gangara, kuma ba a aiko ba. Na ce wataƙila sun rasa ɗan aike. Na zari kwando, na ɗauki likkafani ɗaya, na fita ko safa ban sa ba.

A ƙofar ajin na tarar da Iya Sa'adiya, tsohuwar da matan gudun hijira suka ɗauka uwa, wadda ita ce ta fara sallama a gidanmu wata takwas da suka wuce. Kullum in ta gan ni takan ce ga ɗiyar Hafiza. Yau ta tsaya a tsakiyar ƙofa ta riƙe ginshiƙi da hannu ɗaya. Na gaishe ta, ta amsa a taƙaice. Na ce na zo aiki.

"Mun gode, ɗiyata. Mun yi da kanmu."

Na ce ai ba su da kafur, ba su da yadi. Ta ce sun sami ruwa, kuma uwar yarinyar na da wani tsohon zane fari. Na leƙa ta saman kafaɗarta, na ga mata sun yi da'ira sun juya mini baya, sun kare gawar da jikinsu. Na ce Iya, me na yi?

"Wagga yarinya ma wata biyu tay yi daji," in ji ta. "Mu da munka baro gida da rumbu, ba mu da sauran komi sai rufin asiri. Jiya ga bakin mai ƙosai nij ji labarin ɗiyar mutanen Isa, tun daga kai har ƙahwa. Shekara talatin Hafiza na shiga ɗakunan mutane, ko bango bai ji ba."

Na rantse mata ba ni ba ce. Ta ce ta yarda, amma wa ya zuba ruwan, wa ya riƙe zanen, ba 'yan ƙungiyata ba? Na miƙa mata likkafanin na ce ko shi kaɗai su karɓa, sadakar Inna ce. Ta dube shi, ta dube ni, ta ce in kai wa masu bukata. Ina tsaye maza suka zo da makara. Aka fito da yarinyar cikin zanen da bai kai ya rufe ƙafafunta ba, sai da wata ta cire ɗankwalinta ta ƙara. Ga yadi sabo fil a hannuna.

Ban san yadda na kawo gida ba. Gwaggo na bakin murhu, na tsaya a kanta na tambaye ta. Ko musu ba ta yi ba. Ta ce e, ita ta yi, kuma gobe ma ta sake. Ta ce wadda ta mutu ta riga ta mutu, ni ce mai rai, ba za ta zuba ido in tsufa a ɗakin uwata ina warin kafur ba. Ta ce gyara ta yi mini, wata rana sai na gode. Abin da ya fi ƙona mini rai, da gaske take, har da ƙwalla a idonta. Da mugunta ta yi da na san yadda za ni tsane ta.

Na wuce bayan gida na taka turmi, ba don ina jiran kowa ba, don dai in bar ganin fuskarta. Saƙo ya shigo, Nasiruddeen.

"Hajiya ta yi kuka har ta suma, amma yanzu ta samu natsuwa. Ta ce bayan arba'in za su zaka sa rana. Na gode da kinka aiko Gwaggo. Na san ba ƙaramin abu kinka yi don ni ba. Ba ni mancewa."

Na karanta, na sake karantawa. Ga aurena ya dawo, an kawo mini shi har hannu, abin da kawai ake so in yi shi ne in yi shiru, ni da na iya shiru. Ba wanda zai taɓa gaya masa. Gwaggo ba za ta faɗa ba, Kawu ba zai faɗa ba. Sai dai duk ranar da ya dube ni da wannan godiyar, zai riƙa gode wa wata mace ce da ba ni ba, wadda ta buɗe ƙanwarsa a bakin kasuwa don ta samu miji.

Na rubuta, na goge, na sake rubutawa. "Ba ni na aiko ta ba. Ban san ta tahi ba. Da ta ni ta, da har in mutu ba ka ji."

Na tura. Alamar ta koma shuɗiya nan take, ashe yana riƙe da wayar. Ya fara rubutu, ya tsaya. Ya sake farawa, ya tsaya. Can sai amsar ta shigo, layi ɗaya.

"Ashe da kin bar ni na tahi ke nan?"

Amsar kalma ɗaya ce, kuma na san ta tun ranar Juma'a. An kira azahar, an kira la'asar, har yanzu ban tura ba.